Daga dandamali zuwa talabijin: yadda sana'ar mai barkwanci ke ginuwa da inda take tsagewa

Mai barkwancin da ke tsayawa shi kaɗai gaban jama'a, makirufo a hannu, yakan ci kusan shekara guda kafin ya haɗa sa'a ɗaya ta sabon zance wanda ya tabbata zai riƙe mutane da dariya daga farko har ƙarshe. Manyan masu sana'ar a Amurka da Ingila da Faransa ma haka suke tafiya: a zaga ƙananan wurare ana gwadawa, a zubar da abin da bai kama ba, sannan a fita babban yawo da abin da ya rage. Gidan talabijin kuwa, in ya ba mutum fili na minti 26 kowane mako har mako 13, minti 338 ya nema ke nan, sa'a biyar da minti 38, kuma cikin wata uku. Yawancin wahalar wanda ke son ya rubuta wa talabijin ya kuma fito a ciki daga wannan lissafi take tasowa. Talabijin injin niƙa ne, ko buhu nawa aka zuba masa sai ya ƙara buɗe baki.

Maganar ta shafi Maraɗi, don da wuya yanzu a samu unguwar da babu wani yaro da ake cewa "wannan ai ɗan wasa ne," yana ɗora gajerun bidiyo a TikTok da Facebook, yana jiran ranar da za a gan shi a Télé Sahel ko Arewa24. Ba da dariya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Ƴan kama sun daɗe suna juya karatun malamai da waƙoƙin makaɗa su mai da su zancen tuwo da nama, ƴan gambara na da nasu salon, ƙungiyoyin Samariya sun yi wasan kwaikwayo a bukukuwan matasa na ƙasa zamanin Seyni Kunce, su Yazi Dogo kuma sun riƙe masu sauraron rediyo da masu kallon talabijin shekara da shekaru. Mai barkwancin tsaye shi ba shi da kiɗa, ba shi da ɗan amshi, ba shi da rigar da zai ɓuya a ciki. Shi ne da sunansa da bakinsa, zancen kuma dole ya zama nasa. In ya bi hanyar har talabijin, sana'a uku ya haɗa: tsayuwa gaban jama'a, rubutu, da fitowa gaban kyamara. Gwaninta a ɗaya ba ta ba mutum sauran biyun kyauta.

Minti biyar na farko

Jarin farko littafin rubutu ne, na takarda ko na cikin waya. Duk abin da aka gani a kasuwa, a tasha, a layin asibiti, a rubuta shi ranar nan, ko da layi ɗaya ne. Daga nan ake zaɓo abin da za a gina. Ga misali ɗaya da za a iya warwarewa:

"Ɗan kabu-kabun Maraɗi bai taɓa cewa bai san wuri ba. Na ce masa, kai ni gidan Alhaji. Ya ce, hau. Mun yi Zariya, mun yi Mokoyo, mun yi Ɗan Gulbi. Can sai ya waiwayo ya ce: Maigida, Alhajin naka yana da rai kuwa? Don saura maƙabarta."

Jimlar farko shimfiɗa ce. Aikinta ta faɗi gaskiyar da kowa a ɗakin ya sani, mutane su gyaɗa kai su saki jiki. Unguwannin uku ne, da dalili: biyu ba su isa kunne ya kama tafiyar ba, huɗu kuma sun fara gundura. Sai murɗiya, wadda ke karkatar da zancen inda ba a zata ba, kuma kalmar da ke ɗauke da dariyar ita ce ta ƙarshe a baki. Da an ce "don maƙabarta ce kaɗai ba mu je ba tukuna," dariyar za ta taso a tsakiyar jimla, sauran kalmomin su faɗa mata su danne ta. Bayan murɗiya sai a yi shiru. Sabon shiga a nan yake faɗuwa, don shiru na daƙiƙa biyu a kan dandamali jinsa ake kamar minti guda, sai ya yi sauri ya ci gaba da magana, mutane su haɗiye dariyarsu don kada su rasa abin da zai ce. Sai dariyar ta kai ƙololuwa ta fara sauka ake ɗora gyara: "Na ce, sauke ni. Ya ce, a'a Maigida, can ma akwai Alhazai." Dariya ta biyu ke nan ba tare da an sake wata shimfiɗa ba. Gwani yakan ɗora gyara biyu ko uku a kan zance ɗaya, shi ya sa mintinsa ya fi na wani nauyi.

Ma'aunin da masu sana'ar ke amfani da shi ƙirgen dariya ne: huɗu zuwa shida a minti ga wanda ya goge. Mai farawa in ya samu biyu bai yi laifi ba. Minti biyar kalmomi 600 zuwa 700 ne in an cire wuraren tsayawa, kuma galibi sai an rubuta ninkin haka sau da yawa kafin a tace su. Hanyar tacewa ɗaya ce: a ajiye waya a bayan ɗaki ta ɗauki murya, a koma gida a saurara da rubutun a gaba, a sa alama inda aka fashe da dariya, inda aka yi ƴar ƙarama, da inda aka yi tsit. Zancen da ya mutu sau uku a wurare uku daban, a cire shi ko a sake masa gini. Kafin a zubar dai a duba sanadin mutuwar. Sau da yawa shimfiɗar ce ta yi tsawo. Wani lokaci an dogara da abin da rabin ɗakin bai sani ba, kamar kalmar Faransanci gaban waɗanda ba su yi lakkol ba, ko labarin wasan ƙwallon da ba kowa ya kalla ba. Wani lokaci mai maganar ne ke haɗiye kalmar ƙarshe, ko ya fara murmushi tun kafin ya kai murɗiya, ya tona wa kansa asiri.

Wurin gwaji ma yana yaudara. Fada ba ma'auni ba ce: abokai suna dariya don sun san ka, sun san wanda kake kwaikwayo, ga shayi ana jira. Bikin aure yana kawo kuɗi, kuma yawancin masu barkwanci a nan da shi suke rayuwa, amma hankalin taron yana wajen amarya da abinci da liƙi, sabon zance ba ya samun kunne. Abin da ya fi shi ne ɗaki mai cin mutum 40 zuwa 80 na baƙin fuska: daren ɗalibai a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, minti goma tsakanin mawaƙa biyu a gidan al'adu, ko taron wata ƙungiyar matasa. Tsarin ɗakin shi kansa rabin aikin ne. Kujeru su matsu, layin farko kada ya wuce mita biyu daga dandamali, haske a kan mai magana, jama'a cikin ɗan duhu, don mutum ya fi sakin dariya in ba a ganin fuskarsa. Rufi mai ƙasa yana maido da sautin dariya ta yaɗu. Fili buɗaɗɗe irin na kokuwa yana shanye ta, mutum 500 su yi dariya ka ji kamar hamsin. Wajen jeri, zance na biyu a ƙarfi shi ake buɗewa da shi, mafi ƙarfi a rufe da shi, sababbi a ɓoye su a tsakiya inda faɗuwarsu ba za ta rusa komai ba.

Daga minti biyar ake zuwa goma, sannan ashirin. Mai minti ashirin tabbatattu shi ne za a iya ba shi fili a sa sunansa a takardar talla. Wannan tafiya shekaru take ci.

Abin da zancen ke zama in ya shiga kyamara

A koma ga ɗan kabu-kabu. A baki, daƙiƙa 25 ne kuma ko dala ba a kashe ba. A talabijin ya zama mutum biyu, babur ɗaya da mai, babur ko mota ta biyu mai ɗauke da kyamara, unguwanni uku da za a je a ɗauka, yara da ke bin ayari suna leƙa gilashi, da ƙarar injin da ta rufe maganar duka. Wuni guda ke nan a kan abin da ba zai kai minti ɗaya ba. Bayan haka ma ba lallai ya ba da dariya ba, don a dandamali mai kallo ne ke zana yawon a cikin kansa, a talabijin kuwa an nuna masa komai, babu sauran mamaki. Marubucin da ya san aiki ba yawon zai ɗauka ba. Zai tsayar da babur a gindin bishiya bayan an gama yawon, mai ya ƙare, su biyu suna rigima kan wanda zai biya. Wuri ɗaya, murya tsaf, kuma kowanne yana son abin da ɗayan ya hana shi: fasinja yana son ya isa kafin a ɗaura aure, ɗan kabu-kabu yana son kuɗin unguwa uku. Kowace fitowa ta wasa, wato yankin da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, a kan irin wannan buƙata take tsayawa. Barkwancin tsaye ra'ayin mutum ɗaya ne kan duniya, wasan talabijin kuwa karo ne tsakanin mutanen da halinsu ba ya canjawa.

Shi ya sa aikin farko na shiri mai dogon zango gina mutane ne. Huɗu zuwa shida masu fitowa kullum, kowa da aibi ɗaya bayyananne da mai kallo zai gane a minti na farko: marowaci, mai cika baki, mai tsoron matarsa, mai ganin kanta ƴar birni don ta yi wata biyu a Yamai. Wuraren dindindin kada su wuce uku, misali tsakar gida, shago, da fada, don kowane sabon wuri kuɗin mota ne da ɗaukar fitilu da neman izini. Kashi ɗaya na minti 26 yakan ƙunshi fitowa 12 zuwa 16, ƙalilan ne ke wuce minti biyu. Babban labari ya ci kashi biyu cikin uku na lokacin, ƙaramin labari ya cike sauran, su haɗu kusa da ƙarshe. A tambayi gidan talabijin tun farko ko tallace-tallace suna cikin mintin 26 ɗin, don a Amurka shirin "rabin sa'a" minti 21 zuwa 22 ne kawai in an cire talla, kuma wanda bai tambaya ba zai ga an datse masa murɗiyarsa da almakashi. A tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Zango mai kashi 13 shafi ne sama da 300.

Mutum ɗaya ba ya rubuta wannan yana kuma fitowa a ciki. A Amurka ɗaki guda ake cikawa da marubuta. Shirin Saturday Night Live, wanda ke gudana a New York tun 1975, yakan karanta gajerun wasanni kusan arba'in a teburi ranar Laraba, waɗanda ke kaiwa ga masu kallo daren Asabar ba sa kai goma. A Maraɗi ba a buƙatar wannan taro, amma mutum uku shi ne mafi ƙaranci: mai riƙe tsarin labari, mai zuba barkwanci a layi, da wanda aikinsa ya ce "wannan bai yi ba." Zai fi kyau a samu mace cikinsu, don zancen matan da maza zalla suka rubuta ana gane shi daga nesa, kuma mata ne da yawa cikin masu zama gaban akwatin da dare. Aikin yana bin matakai: a tsara labarin kashi a shafi ɗaya, a raba shi fitowa-fitowa a rubuta abin da kowa ke so a kowace, mutum ɗaya ya tafi ya rubuta maganganun, a dawo a karanta da babbar murya tare da ƴan wasa, a sa alama inda aka yi dariya kamar yadda ake yi wa na dandamali, a gyara. Wannan karatun teburi shi ne kaɗai abin da ya maye gurbin jama'a. Wanda ya tsallake shi sai ranar da aka watsa zai san abin da ya rubuta. Kuma kada a fara ɗauka sai an gama rubuta aƙalla rabin zangon, don da zarar an fara watsawa, mako ba ya jiran kowa.

Tsohon salon wasan Hausa a Nijar, inda ake yarda da tsarin labari sannan kowa ya ƙirƙiro maganarsa a take, ya yi aiki don ƴan wasan sun daɗe tare, sun san numfashin juna, kuma ana ɗaukar fitowar a dunƙule. Da kyamara ɗaya abin ya sha bamban. Ana ɗaukar fitowar daga nesa, a sake ta kusa da fuskar wannan, a sake ta kusa da fuskar wancan. In ɗan wasa ya canja magana kowane karo, ko kofin shayi yana hannun dama a ɗauka ta farko ya koma hagu a ta uku, mai haɗa hoto ba shi da inda zai yanka. Mafita mai sauƙi: a ɗauki biyu yadda aka rubuta, ta uku a saki mai barkwanci ya yi yadda ya ga dama. Sau da yawa mafi kyawun layin kashin daga ta ukun yake fitowa, amma biyun farko ne ke sa kashin ya haɗu.

Akwai wata cuta da ke kama ɗan dandamali gaban kyamara. A ɗauka ta farko ma'aikata suna danne dariya, yana jin su. Zuwa ta shida kowa ya gaji, zafi ya dame su, babu mai motsi. Shi kuma ya saba shiru yana nufin mutuwa, sai ya fara ƙara murya, yana zare ido, yana wurga hannu. Kyamarar da ke mita ɗaya daga fuskarsa tana ninka duk wannan, a allo ya koma mai ihu. Abin da ake so ya rage: muryar hira ta yau da kullum, ido a kan abokin wasa, kuma ya koyi sauraro, don rabin dariyar talabijin a fuskar wanda aka faɗa wa maganar take. Dariyar gwangwani da ake ɗorawa daga kwamfuta ba ta ceton layin da ya mutu, sai ma ta nuna wa mai kallo gawar.

Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya yafe murya. Barkwancin da ba a ji kalmarsa ta ƙarshe ba ya tashi a banza. Ƙaramin makirufo na ƙirji ya zauna kusan santimita 20 daga baki, a manne shi yadda shadda mai sitaci ba za ta riƙa goga shi ba. Janareta a kai shi bayan katanga, nesa gwargwadon tsawon wayar da ake da ita, kuma a tanade shi ko da akwai wuta, don ɗaukewarta a tsakiyar fitowa tana canja hasken ɗakin gaba ɗaya. Fanka dole a kashe ta lokacin ɗauka, wanda ke nufin a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ɗaukar cikin ɗaki sai da sassafe ko da dare. A waje, daga ƙarfe bakwai zuwa goma da rabi, sai kuma bayan la'asar. Ranar tsaka tana jefa inuwa cikin idanu, ga kyamara na iya ɗaukar zafi ta mutu. Da hunturu a rufe makirufo da gashin tare iska. Da damina kada a zaɓi ɗaki mai rufin kwano. A sa lokutan salla cikin jadawali tun daga gida. Kowane wuri a ɗauki minti ɗaya na shirunsa don cike gurbi wajen haɗi, kuma a kwafe katin kyamara wuri biyu kafin a kwanta. Ayarin da ke aiki a natse yana ɗaukar shafi biyar zuwa bakwai a wuni. Mai cewa zai gama kashi guda a rana ɗaya da kyamara ɗaya, to ya yanke shawarar ba zai maimaita komai ba.

In barkwancin tsayen ne kansa za a ɗauka, kyamara biyu ne mafi ƙaranci, uku sun fi. A ɗauki muryar mai magana kai tsaye daga na'urar haɗa sauti, a kafa wasu makirufo biyu suna fuskantar jama'a, in ba haka ba a allo za a ga mutum yana tsayawa yana jiran dariyar da ba a ji. Manyan masu sana'ar sukan ɗauki wasa iri ɗaya sau biyu da tufafi iri ɗaya, a zaɓi mafi kyau daga kowanne.

Kuɗi, da wa ya mallaki me

Dandamali shi kaɗai ba ya riƙe gida a gari irin Maraɗi. A ce an kama ɗaki mai cin mutum 300, tikiti sefa 500: jika 150 ke nan in ya cika maƙil kuma kowa ya biya. A cire hayar ɗaki, kayan sauti, man janareta, tallar rediyo, masu tsaron ƙofa, da dangi da abokai da ba a iya karɓar kuɗinsu. Talabijin ma ba kullum yake biya ba. Tsarin da ya yawaita a yankinmu shi ne gidan ya ba da fili ko ya sayar da shi, mai shiri ya nemo wanda zai ɗauki nauyi, kamar kamfanin waya ko babban ɗan kasuwa, a raba kuɗin talla. Ƙungiyoyin agaji suna biyan wasannin faɗakarwa kan rigakafi, karatun ƴan mata da tsafta, kuma kuɗinsu ya fi tabbas. Haɗarinsu shi ne saƙon ya hau kan wasan ya zauna, a wayi gari mai barkwanci ya koma mai karanta sanarwa da hular ban dariya. YouTube na neman mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12 kafin ya fara raba kuɗin talla, kuma ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin ba, don haka a bincika kafin a gina lissafi a kai.

Inda aka fi cutuwa shi ne yarjejeniyar baki. Mai rubutawa kuma yana fitowa aiki biyu ya yi, kuɗi biyu ne, a rubuta su daban. Takardar ta faɗi shekara nawa gidan zai riƙe shirin, a wace ƙasa, sau nawa zai maimaita shi, wa ke da ikon ɗora shi a intanet, kuma wa ya mallaki sunan jarumin da kamanninsa in an rabu. Doka tana kare abin da aka rubuta, ba ta kare tunanin da aka faɗa a hira, saboda haka a rubuta, a sa kwanan wata, a kai wa ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, kafin a nuna wa kowa. Sunan shiri ana iya yi masa rajista a matsayin tambari a ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai rajistar tambari da ƙirƙire-ƙirƙire, mai hedkwata a Yawunde, wadda Nijar ke cikinta. Rigimar ba ta ƙananan ƙasashe kaɗai ba ce: a 2023 marubutan fim da talabijin na Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148, kuma kuɗin maimaita shiri a intanet da yawan marubutan da za a ɗauka suna cikin manyan abubuwan da aka ja a kai.

Iyakar baki

Nijar na da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da taubasai wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014. Bakatsinen Maraɗi da Bagobirin Tsibiri, Bafillace da Babarbare, kowa ya san abin da aka halatta masa. Amma wannan wasa yana da sharaɗi: abokin wasan yana nan, zai rama, kuma duk wanda ke wurin ya san dangantakar. In aka yanko daƙiƙa 30 aka watsa a WhatsApp, babu ramuwar, babu sanin wa ke magana, saura zagi tsirara. A rubutun talabijin, in za a taɓa wata ƙabila a tabbata mutuminta yana cikin fitowar kuma shi ke cin nasarar ƙarshe a wasu lokutan. Addini, sarauta, naƙasa da sunan mutum takamaimai, waɗannan a Maraɗi suna iya rufe wa mutum ƙofa fiye da kowace hukuma, don mai ɗaukar nauyi ne zai fara janyewa. Wanda ke son shirinsa ya tsallaka iyakar Ɗan Isa ya shiga kasuwar Kano kuma ya tuna akwai hukumar tace finafinai a can tun 2001.

Mamane, ɗan Nijar haifaffen Agadas a 1966, ya nuna wata dabara. Ya je Faransa karatun kimiyyar tsirrai, ya koma dandamali, ya fito a shirin barkwancin talabijin na Jamel Comedy Club a 2006, daga 2009 kuma ya riƙa gabatar da ɗan gajeren sharhi a RFI kan wata ƙasar da ya ƙirƙira, Gondwana, da shugabanta da ba ya sauka. Bai ambaci sunan kowa ba, kowane mai sauraro ya sa sunan da ya ga dama. Ƙasar ƙirƙira ta ba shi kariya, ta kuma ba shi rijiyar da ba ta ƙafewa, don labaran kowace safiya su ke ciko ta. Daga baya ya kafa kamfanin shirye-shiryensa, ya fara bikin dariya na Abijan a 2015, ya kuma jagoranci Le Parlement du rire a Canal+, inda masu barkwanci da yawa ke zuwa kowa da mintinsa. Wannan tsari shi ne amsar lissafin mintoci: ba a kan littafin mutum ɗaya nauyin yake ba. Rabilu Musa, wanda ya rasu a Disamban 2014, ya bi ɗaya hanyar, ta jarumi guda da ya yi ƙarfi har sunan Ibro ya rufe nasa. Hanyar tana kawo farin jini da sauri, amma masu shirya fim ba sa ƙara neman wani abu daga gare ka sai wannan mutumin, kuma in sunan ba naka ba ne a takarda, ana iya ci gaba da cin moriyarsa ba tare da kai ba.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: zancen da aka watsa ya ƙone. Mawaƙi ana roƙonsa ya maimaita tsohuwar waƙa, mai barkwanci kuwa in ya fara shimfiɗar da aka gani a tele, wani daga baya zai ƙarasa masa murɗiyar da ƙarfi. Saboda haka masu dogon zango ba sa ba kyamara komai. Suna riƙe aƙalla minti ashirin da ba a taɓa ɗauka ba don bukukuwa da tarukan da ke biyan kuɗi, suna roƙon a ajiye wayoyi a daren gwaji, kuma a intanet suna sakin hirarsu da jama'a da maganganun abin da ya faru a makon, waɗanda da ma ba za su sake amfani da su ba. Ko ana tsakiyar ɗaukar zango, suna komawa ƙaramin ɗaki sau ɗaya ko biyu a wata da sababbin minti biyar, don waɗanda suka tsira daga can su ne za a raba wa jarumai a rubutun zango na gaba.